Babi na Uku: Cocin Escomb, Ginin da Rashin Gata Ya Tsare

Duk wanda ya bar manyan biranen Ingila ya kutsa cikin karkararta, ko ta jirgin ƙasa ko ta mota, abin da idonsa zai riƙa cin karo da shi, tun kafin ya hangi rufin gidajen ƙauye, shi ne hasumiyar coci tana leƙowa ta saman itatuwa; domin kuwa tun ƙarnoni da dama da suka shuɗe aka yanka ƙasar nan gunduma-gunduma, kowace gunduma da cocinta, da limaminta, da maƙabartarta, har ya zamana a yau Cocin Ingila yana riƙe da gine-ginen ibada wajen 16,000, waɗanda fiye da 12,000 daga cikinsu hukuma ta shigar da su cikin kundin gine-ginen tarihi da doka ta hana a taɓa su sai da izini. Galibin waɗannan gine-gine ba aikin zamani ɗaya ba ne. Za ka tarar ƙofa ta ƙarni na 12 ce, tagogi na ƙarni na 14, hasumiya ta ƙarni na 15, kujeru kuwa na zamanin Sarauniya Biktoriya, saboda kowace al'umma da ta gaji ginin, muddin Allah ya buɗa mata, sai ta ga aikin magabatanta ya yi mata ƙunci ko ya tsufa, ta rushe wani sashe ta sāke shi bisa yayin zamaninta.

Yana da kyau mai karatu ya san inda kuɗin wannan rushe-rushe da gine-gine yake fitowa. A ƙa'idar zamanin da, manoman gunduma suna fitar da ushira daga amfanin gonarsu da dabbobinsu, watau kashi ɗaya cikin goma, su kai wa wanda yake riƙe da limancin cocin, shi kuma nauyin gyaran sashen gabas, inda bagadi yake, yana wuyansa; babban ɗakin da jama'a suke tsayawa kuwa, gyaransa na mutanen gari ne. Saboda haka arzikin gari ba ya ɓuya, a jikin cocinsa ake karanta shi. A Lavenham, cikin lardin Suffolk, inda fataucin ulu da saƙa suka tara dukiya a ƙarni na 15, attajiran gidan Spring da sarakunan gidan de Vere sun haɗa hannu sun sāke kusan dukan cocin garin, suka ɗaga masa hasumiya mai tsawon ƙafa 141 wadda aka kammala wajen 1525. Masu yawon buɗe ido suna tururuwa can, kuma sun yi gaskiya, don aiki ne na gwanaye. Amma wanda yake neman ya ga irin ɗakin da kakannin kakanninsu suka yi ibada a ciki ba zai same shi a Lavenham ba, dukiya ta riga ta cinye shi. Sai ya nausa arewa, ya nemi ƙauyen da bai taɓa yin attajiri ba.

Irin wannan ƙauye shi ne Escomb, a lardin Durham, a gaɓar kudu ta kogin Wear, kimanin mil ɗaya da rabi yamma da garin Bishop Auckland. Mutum zai gangara wani tudu ya iske gidaje na zamani sun yi zobe, a tsakiyarsu ga maƙabarta mai siffar da'ira da katangar dutse ta kewaye, a tsakiyar maƙabartar kuma ga wani gini siriri, dogo, baƙi-baƙi saboda hayaƙin kwal na shekaru, ba hasumiya, ba ado, wanda baƙo zai iya wuce shi yana zaton ɗakin ajiyar hatsi ne. Alhali kuwa yana cikin 'yan tsirarun coci-cocin zamanin Saksonawa da suka rage a tsaye cikakku a duk faɗin Ingila, kuma mafi yawan masana sun karkata ga cewa an gina shi tsakanin shekarar 670 da 690 ta Miladiyya, ko da yake akwai masu jinkirta shi zuwa ƙarni na 8.

Idan muka juya wannan lissafi zuwa wanda muka fi sabawa da shi, shekarar 670 ita ce ta 50 bayan Hijira. Mu'awiya ɗan Abu Sufyan ne halifa a Dimashƙa, Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana raye a Madina, kuma a wannan shekarar ce Uƙba ɗan Nafi'u ya kafa birnin Ƙairawan a ƙasar da ake kira Tunisiya yau. Ingila kuwa a lokacin ba ta zama ƙasa ɗaya ba. Masarautu ne barkatai na Saksonawa da danginsu, ƙabilun da suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmak bayan janyewar Rumawa wajen shekarar 410, kuma mafi ƙarfinsu a arewa ita ce Northumbria, wadda addinin Nasara bai fi shekara hamsin da shigarta ba: an yi wa sarkinta Edwin baftisma a 627, sa'an nan a 635 wani ɗan zuhudu mai suna Aidan ya zo daga tsibirin Iona bisa gayyatar Sarki Oswald ya kafa zawiyarsa a Lindisfarne. Da yake masu wa'azin sun zo ta fuska biyu, waɗansu daga Rum, waɗansu daga Ailan da Iona, sai saɓani ya shiga tsakaninsu, musamman a kan lissafin ranar Idin Ista, har sai da aka yi babban taro a Whitby a 664 aka yanke hukunci a bi mazhabar Rum. Waɗansu masana suna ganin da'irar maƙabartar Escomb alama ce ta cewa mabiya tafarkin Ailan ne suka fara keɓe wurin, don haka suka saba shata harabarsu.

Gini da dutse a wannan zamani baƙon abu ne ga Saksonawa, domin su mutanen katako ne da jinka, fādar sarki ma da itace ake kafa ta. Malam Bede, babban marubucin tarihinsu, wanda ya yi zamansa a gidan zuhudu na Jarrow ya rasu a 735, ya ba da labarin yadda wani ɗan zuhudu mai suna Benedict Biscop, sa'ad da ya tashi kafa gidan zuhudu na Wearmouth a 674, sai da ya ƙetara Faransa ya ɗauko magina da za su yi masa coci irin na Rumawa, daga baya kuma ya aika aka kawo masa masu aikin gilashi, sana'ar da mutanen ƙasar ba su sani ba. Wearmouth tana bakin kogin nan na Wear da ya ratsa ta gefen Escomb. Abin ta'ajibi shi ne Bede, duk da yawan wuraren da ya ambata, bai ambaci Escomb ba ko sau ɗaya, kuma sunan ƙauyen bai bayyana a rubuce ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 10, cikin lissafin filayen jama'ar Waliyyi Cuthbert. Ke nan gini ne da ba shi da isnadi na takarda, hujjarsa duk a jikinsa take: tsayin bangonsa a kan ƙarancin fadinsa, da ƙananan tagoginsa, da manyan duwatsun kusurwoyinsa, da kamanninsa da tsohon sashen cocin Jarrow, wanda shi dutsen keɓewarsa yana ɗauke da kwanan watan da ya faɗo a shekarar 685.

Duwatsun kansu sun girmi ginin da ƙarnoni. Kimanin mil biyu daga ƙauyen akwai kufan wani sansanin sojan Rum da suke kira Vinovia, wanda yau ake ce wa Binchester, an kafa shi wajen shekarar 80 don ya tsare mashigin kogin Wear a kan babbar hanyar da ta taso daga York ta nufi arewa, kuma har yanzu ana iya ganin ɗakin wankan da ke cikinsa, da ramukan da iska mai zafi take bi ta ƙarƙashin daɓe. Lokacin da maginan Escomb suka tashi aiki, wannan sansani ya daɗe da zama kango, ga duwatsu sassaƙaƙƙu birjik ba mai su, saboda haka ba su wahalar da kansu da fasa dutse ba, suka yi ta jido na Rumawa. Da yawa daga duwatsun bangon suna ɗauke da zanen tsaga-tsaga mai gicciye da juna, irin wanda masassaƙan Rum suke yi da kurfi don shafe ya kama. A bangon arewa ta waje kuma akwai wani dutse da aka rubuta LEG VI a jikinsa, watau tambarin runduna ta shida, wadda ta zo Biritaniya wajen 122 a zamanin Sarki Hadrian ta yi mazauni a York. Magini ya ɗauki wannan dutse ya kifa shi, rubutun ya koma kai a ƙasa, ya ɗora na gaba a kansa ya ci gaba da aikinsa. An yi ta tawili a kan wannan kifawa, har da masu cewa ƙasƙantar da daular maguzawa aka nufa. Ni dai a ganina lamarin bai kai nan ba, mutumin dutse mai daidai da gurbi yake nema, ya kuwa samu.

Mafi girman abin da suka ɗauko shi ne bakan gizon da ya raba babban ɗaki da ɗakin bagadi. Tsayinsa ƙafa 15, fadinsa ƙafa 5 da inci 3, duwatsun lanƙwasarsa kuma sun zauna da juna daram, kowane an yanka shi da fadi a sama da ƙunci a ƙasa yadda nauyi zai riƙa matse su wuri ɗaya, irin gwanintar da ba a gani a sauran ginin. Wannan ne ya sa masana da yawa suka tafi a kan cewa daga wani gini na Binchester aka kwance shi dutse bayan dutse, aka kawo nan aka mayar da shi yadda yake. Ginshiƙan da suke ɗauke da shi kuwa an jera su ne dutse ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, har sama, kuma da yake a nan ne wannan salo ya fi fitowa sarari, sai masana tarihin gini suka laƙaba masa sunan ƙauyen, duk inda suka gan shi a Ingila su ce jerin Escomb ne. Wanda ya taɓa shiga babban masallacin Ƙairawan ba zai yi mamakin wannan ɗabi'a ba, domin ɗaruruwan ginshiƙan marmara da suke ɗauke da rufinsa, waɗanda aka kafa sa'ad da Aglabawa suka sāke gina shi a ƙarni na 9, su ma daga kangayen biranen Rum na ƙasar aka kwaso su. Daula guda ce ta faɗi, magadanta na kudu da na arewa, ba tare da sun san juna ba, suka ɗebi kayan gininta kowa ya yi ɗakin ibadarsa.

Idan ka shiga ciki, abin da zai fara kama ka shi ne ƙunci da tsayi. Babban ɗakin tsawonsa ƙafa 43 da rabi, fadinsa ƙafa 14 da rabi kacal, amma bangonsa ya tashi wajen ƙafa 23, kaurinsa kuma bai wuce ƙafa 2 da inci 4 ba, wanda ƙaramin kauri ne ƙwarai in aka gwada da bangayen Normawa da suka zo daga baya. Ɗakin bagadi kuwa ƙafa goma ne kowace fuska. Manyan duwatsu suna ƙasa, suna raguwa yayin da bango yake hawa. Tagogin asali guda biyar ne, biyu a kudu masu kai a lanƙwashe, biyu a arewa masu kai a miƙe, ɗaya can ƙoli a bangon yamma, dukansu an ɗaga su sama da inda hannu zai kai, kuma an yi su da tsukakken baki ta waje da buɗaɗɗen ciki, don haske kaɗan da ya shigo ya bazu, iskar hunturu kuwa ta sami ƙaramar kafa. Wanda ya san sanyin arewacin Ingila, inda rana take faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, zai gane cewa maginin ya auna tsakanin duhu da ɗari ne, ya ga duhu ya fi sauƙin jurewa.

A bangon kudu ta waje, can sama, akwai agogon rana da aka sassaƙa a jikin dutse, da siffar wata dabba mai kama da maciji ta lanƙwaso a kansa, ana kuma lissafa shi cikin mafi daɗewar irinsa da suke nan a gurbinsu na asali a Ingila. Ba shi da awoyi goma sha biyu. Layuka uku ne kawai aka tsaga, saboda bukatar masu shi ba ta wuce sanin lokutan addu'a ba, ta hantsi, da ta tsakar rana, da ta yamma, sai a kafa tsinke a tsakiya, inuwa ta faɗa kan layi, a kira jama'a. Duk almajirin da ya karanta babin lokutan salla, ya koyi auna inuwa da tafin ƙafa don ya san zawali da shigar La'asar, ya riga ya fahimci aikin wannan dutse fiye da yawancin masu ɗaukar hotonsa.

Tambayar da ta rage ita ce yadda aka yi wannan ɗaki ya tsira, alhali ɗaruruwan tsararrakinsa sun shafe. Mahara daga Skandinebiya sun afka wa Lindisfarne a 793, suka yi ta ɓarna a gidajen zuhudu na gaɓar teku, amma ganima suke nema, ƙauyen da ba shi da azurfa kuwa bai isa a ɓata masa lokaci ba. Normawa sun ci ƙasar a 1066, kuma ba a taɓa yin masu son rushe ginin Saksonawa su sāke shi kamarsu ba. A 1093 suka aza harsashin babban cocin Durham, wanda har yau yake cikin abubuwan al'ajabi na Turai, amma Escomb, da yake ƙauyen talakawan bishop na Durham ne masu noma suna biyan aikin gayya da haraji, kamar yadda aka lissafa shi a kundin Boldon na 1183, ba shi da wani basarake mazauni da zai so ya dawwamar da sunansa da sabon gini. Cocin ya zama reshe ne kawai a ƙarƙashin babban cocin St Andrew na Auckland, abin da ake tarawa a nan can yake tafiya. Iyakar abin da ƙarnonin tsakiya suka iya yi masa shi ne huda 'yan tagogi masu tsini a ƙarni na 13, da ɗora masa ɗan zaure a ƙofar kudu. Haka kuma lokacin da Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Fafaroma a 1534, aka rufe gidajen zuhudu, aka bi coci-coci a zamanin ɗansa Edward ana farfasa gumaka ana shafe zane-zanen bango da farar ƙasa, Escomb ba shi da abin fasawa mai yawa. Abin da ya rage na ado shi ne ɗan ɓurɓushin zanen rassa a ƙarƙashin bakan gizo, da wani tsohon dutse mai gicciye da ke bayan bagadi.

Hatsari na gaskiya ya zo ne tare da arziki. Yankin nan a kan kwal yake zaune, kuma daga ramukan kwal na Witton Park, maƙwabcin Escomb, hanyar jirgin ƙasa ta Stockton da Darlington ta faro a 1825, wadda ita ce ta farko a duniya da ta yi wa jama'a sufuri da injin tururi. A 1846 kamfanin Bolckow da Vaughan ya buɗe ma'aikatar narkar da ƙarfe a can, sai leburori suka kwararo daga Ailan da Wales da sauran wurare, ƙauyukan suka cika suka batse. Tsohon coci mutum 65 kawai yake ɗauka. Da a ce ra'ayin masu faɗa a ji ya tafi ga faɗaɗa shi, da an fasa bangayensa an yi masa fukafukai hagu da dama, kamar yadda aka yi wa ɗaruruwa a wannan zamani, da kuma babu abin da za mu rubuta a wannan babi. Sai suka ga bai ma cancanci wannan wahala ba, suka hau tudu suka gina sabon coci mai suna St John a 1863, suka kulle tsohon suka bar shi ga ruwa da iska, har wani sashen rufinsa ya zube. Wannan raini shi ne babbar sa'ar da ginin ya taɓa yi.

Bayan 'yan shekaru sai idon masu sani ya kai gare shi, daga cikinsu har da Dakta Robert Hooppell, limamin Byers Green, wanda shi ne kuma ya yi tonon binciken kufan Binchester, saboda haka ya san dutsen Rum in ya gan shi. Aka yi shela aka tara kuɗi, aka gyara ginin tsakanin 1875 da 1880 a ƙarƙashin kulawar mai tsara gine-gine R. J. Johnson, a kan kimanin fam 500. A nan ma ƙarancin kuɗin rahama ne. Gyara a zamanin Biktoriya sau da yawa ɓarna ce da aka yi da kyakkyawar niyya, domin masu gyaran sukan kankare bango, su cire duk abin da bai dace da siffar da suka ƙudurta a ransu ba, su maye gurbinsa da sabon sassaƙa, har mai kallo ya kasa rarrabe asali da ƙari. Wannan ne ya fusata William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877, suna kira da a riƙa tallafar gini da toshe ɗigonsa, a daina sāke masa halitta. Fam ɗari biyar ba ta isa a sāke wa Escomb halitta ba, ta dai isa a mayar masa da rufi.

Duk da haka ya daɗe a matsayin abin tarihi da ake buɗewa jefi-jefi, ba wutar lantarki, ba abin ɗumama ɗaki, ibadar mako-mako tana can kan tudu. Amma ma'aikatar ƙarfe ta Witton Park ta rufe tun 1884, ramukan kwal suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, jama'a suka ragu, masu zuwa coci suka ƙara raguwa, har a farkon shekarun 1960 aka duba St John aka tarar gyaransa zai ci kuɗin da ikilisiyar ba ta da shi. Sai hankali ya komo kan tsohon. Aka sa masa wuta da na'urar ɗumi, kuma a 1968 masu tonon tarihi suka haƙa kewayensa, suka gano harsashin wani ɗaki da ya taɓa jingina da bangon yamma da wani ƙarami a arewacin ɗakin bagadi, tare da gutsattsarin gilashin taga irin wanda aka tono a Jarrow da Wearmouth, abin da ya ƙarfafa hujjar masu danganta ginin da zamanin Benedict Biscop. A ƙarshen 1969 aka mayar masa da matsayinsa na cocin gunduma, inda ake ɗaura aure, ake yi wa jarirai baftisma, ake yi wa mamata addu'a, yana kuma a daraja ta ɗaya cikin kundin gine-ginen da doka ta tsare. Sabon cocin St John kuwa, wanda aka gina don ya gaje shi, an rushe shi a 1971, yana da shekara 108.